Masu Tare Saƙo: Daga Ƙasar Tasawa Zuwa Kwamfutar Ofis

Matafiyin da ya tashi daga Maraɗi ya nufi Damagaram a kan babbar hanya, da ya bar Tasawa ba da jimawa ba zai iso Maijirgi. A nan aka binne wasu hafsoshin Faransa biyu, Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, a watan Yulin 1899. Mutanen ƙauyen Kona da maƙwabtansu na gundumomin Tasawa da Mayahi ba sa bukatar littafi kafin su san ɓarnar da rundunar waɗannan mutane ta yi, domin kakanninsu ne suka ga hayaƙin garuruwan da aka ƙone. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne yadda ƙarshen rundunar ya rataya a kan wasiƙu biyu. Ɗaya ta kuɓuce wa shugaba, ɗaya kuma shugaba ya danne ta.

Rundunar ta bar bakin kogin Kwara a watan Janairun 1899 da nufin kaiwa Tafkin Chadi. Tun daga Sansanne Hausa ta fara kisa da ƙone-ƙone. A watan Afrilu ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a daina maganarsa ba. Rahoton da zai tafi ga hukuma daga hannun Voulet yake fita, shi kuwa abin da ya ga dama yake rubutawa. To amma a ƙarshen Janairu saɓani ya shiga tsakaninsa da wani Laftanar Louis Peteau, ya kore shi daga rundunar. Da Fabrairu ya kama, Peteau ya zauna ya rubuta wa budurwar da zai aura a Faransa doguwar wasiƙa, ya zayyana mata abin da idonsa ya gani. Daga hannunta wasiƙar ta kai ga ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon, daga nan ta kai ga gwamnati. A watan Afrilu ministan kula da ƙasashen mulkin mallaka, Antoine Guillain, ya ba da umarnin a bi sawun rundunar. Aka ɗora wa Laftanar Kanar Jean-François Klobb, kwamandan Tambutu, wannan aiki, tare da Laftanar Octave Meynier da 'yan sojoji kaɗan.

Klobb ya yi tafiyar da ta kai kilomita 2,000 yana bin kufai da gawarwaki, har Koran Kalgo. Ranar 10 ga Yuli ya tura manzanni da wasiƙa zuwa ga Voulet yana sanar da shi cewa an karɓe ragamar rundunar daga hannunsa. Voulet ya karanta, ya mayar da amsa cewa yana da bindigogi 600, kuma idan Klobb ya matso zai ɗauke shi abokin gaba. Sannan shi da Chanoine suka rufe bakinsu. Sauran hafsoshin Turawa ba su san an aiko da wasiƙa ba, aka yi ta tura su hare-hare don kada labari ya riske su. Ranar 14 ga Yuli a Dankori, Voulet ya sa aka buɗe wuta, Klobb ya faɗi matacce, Meynier ya ji rauni. Bayan kwana biyu sojojin Afirka na rundunar suka juya suka harbe Chanoine, washegari wani mai gadi ya harbe Voulet.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin nasarar adalci ba. Sauran rundunar ta ci gaba, ta ci Damagaram a ƙarshen watan, aka kashe Sarki Ahmadu Kuren Daga a watan Satumba, kuma binciken da Faransa ta buɗe an rufe shi a 1902 da cewa zafin ƙasar ne ya taɓa wa hafsoshin ƙwaƙwalwa. Dubban mutanen da aka kashe ba su da wanda ya kai nasu saƙon Paris. Duk da haka, labarin ya nuna wani abu a fili: a wannan ƙasa an taɓa ganin shugaban aiki da ya toshe hanyar saƙo tsakanin ma'aikatansa don ya rufe laifinsa, kuma saƙon da ya tona shi ta hanyar da ba ta aiki ba ya bi.

Tsare ƙofar saƙo ya girmi zuwan Nasara. A zamanin da, saƙo mutum ne mai ƙafa ko mai doki. Manzo ya iso fada, ba zai zarce gaban sarki ba sai an yi masa iso, kuma mai yin ison yana iya gaggautawa, yana iya cewa sarki ya shiga, a dawo gobe. Wasiƙar sarauta magatakarda ne ke rubuta ta da Larabci, a buga mata hatimi, a naɗe a ba amintacce. Jakada kuwa shi ne kunnen sarki da bakinsa a garuruwan da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya kawo shi aka ji, abin da ya bari a hanya ya ɓace. Ba don mugunta aka kafa wannan tsari ba. Fadar da kowa zai faɗa mata kai tsaye ba za ta yi shari'a ɗaya ta gama ba. Sai dai duk wanda aka ba ƙofa ya samu iko, kuma tarihin kowace masarauta cike yake da bayin sarki da fadawan da suka fi hakimai ƙarfi saboda kusancinsu da kunnen sarki kawai.

Talaka shi ma yana da nasa hanyoyin, waɗanda fada ba ta iya rufewa. Tasawa mahaɗa ce tsakanin Azbin da Katsina da Damagaram da Maraɗi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso garin a watan Janairun 1851, tare da ayarin gishirin Azbinawa ya gangaro, kuma ya tarar da gari mai cike da jama'a da ciniki. Irin waɗannan ayari da fatake su ne gidan wayar wancan zamani. Ranar kasuwa ake jin wanda ya rasu a Kano, da farashin gero a Damargu, da inda mahara suka tare hanya. Mace ta ba ɗan koli saƙon baka zuwa ga ɗan'uwanta a wani gari, ya isar bayan mako biyu, wataƙila ya ƙara gishiri, wataƙila ya rage. A ƙarshen ƙarni na 19, da rikicin sarauta ya raba gidan Katsinawan Maraɗi har Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa da zama, manzanni ne suka yi ta kai da komo tsakanin ɓangarorin, kowane ɓangare yana ƙoƙarin sanin abin da ɗayan ya aika.

Faransawa sun zo da wayar tangaraho. Suka kafa turaku daga Yamai zuwa Damagaram, waya ta bi ta kan gonakin talakawa, amma ba tasu ba ce. Ta komanda ce, da bariki, da 'yan kasuwar da suka iya biya. Tasawa ta zama mazaunin komanda har zuwa 1927 da aka mayar da hedikwatar yankin Maraɗi, shekara guda bayan an ɗauke babban birnin ƙasar daga Damagaram zuwa Yamai. A ofishin komanda kuwa an samu sabon mai yin iso, wato tafinta. Manomi ya zo da ƙara a kan haraji ko aikin tilas, ya yi bayani da Hausa har ya gaji, tafinta ya taƙaita shi da Faransanci cikin jimla biyu. Komanda bai san abin da aka rage ba, mai ƙara bai san abin da aka faɗa ba. A Damagaram a 1906 an tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, zargin da ya isa kunnen Faransawa ta bakin 'yan tsakani, kuma har yau masana tarihi na muhawara a kan gaskiyarsa.

Gab da samun 'yancin kai aka sake ganin yadda saƙo ke neman hanya. Da aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, wasiƙar da aka jefa a gidan waya ba ta da tabbacin isa a rufe. Sai 'yan jam'iyyar suka koma ga direbobin manyan motoci da 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Tasawa da Maraɗi da Kano, inda suke da abokai a cikin jam'iyyar NEPU. Hukuma ta riƙe waya da akwatin wasiƙa, jama'a suka riƙe hanya.

Waɗanda suka yi aikin ofis a shekarun 1970 da 1980 suna tuna wani ɗan ƙaramin kwaɗo. Wayar tarho ta lokacin tana da faifai mai ramuka goma da ake juyawa da yatsa. Shugaban ofis sai ya saka kwaɗo a ramin farko, ya jefa makulli a aljihu, don kada akawu ko masinja ya kira gida a kan kuɗin hukuma. Ana iya amsa kira, ba a iya bugawa. Ba a daɗe ba ma'aikata suka gano cewa juya faifan ba komai yake yi ba illa katse layi sau adadin lambar. Saboda haka sai mutum ya ɗaga kan tarho, ya riƙa ƙwanƙwasa maɓallin da ake ɗora shi a kai da sauri: sau uku lamba uku, sau bakwai lamba bakwai, sau goma sifiri. Mai saurin yatsa yana samun layinsa kwaɗo na nan a maƙale. A ƙarshen wata takardar kuɗi ta zo, shugaba ya yi ta mamaki.

A ƙauyuka irin Kona ko wannan rigima ba ta kai ba, don babu layin. 'Yan ci-rani da suka tafi Kano ko Legas ko Libiya kaset suke ɗauka, mutum ya zauna gaban rakoda ya gaishe da kowa da sunansa, ya faɗi abin da za a yi da kuɗin da ya aiko, ya ba direba. Gida a taru a saurara, a juya kaset a ɗauki amsa. Wanda ke son wasiƙa kuma ya je wurin malami ya rubuta masa da ajami, ko wurin ɗan makaranta ya rubuta da boko, ya haƙura da cewa sirrinsa ya shiga kunne na uku.

A daidai lokacin da kaset ke yawo a motocin Tasawa, ofisoshin Turai da Amurka sun shiga wata sabuwar rigima. A 1996 wani ƙaramin kamfani a Isra'ila mai suna Mirabilis ya fito da ICQ, manhajar da mutum zai rubuta magana ta bayyana nan take a allon abokinsa. AOL ya fito da AIM a 1997, Yahoo ya biyo baya a 1998, Microsoft ya kawo MSN Messenger a 1999. Da Windows XP ya fito a 2001, da manhajar hira mai suna Windows Messenger a cikinsa ya zo, ba sai an saka ba. Kafin shugabanni su farga, ma'aikaci na zaune a teburinsa kamar mai aiki, alhali taga uku na hira ne a buɗe a ƙasan allo.

Ɓata lokaci shi ne ƙorafin da aka fi ji, amma ba shi ne ya fi tayar wa masu kula da kwamfutoci hankali ba. Wasiƙar imel tana bi ta babbar kwamfutar kamfani, a tace ta, a ajiye kwafinta. Hirar nan take kuwa waje take fita kai tsaye, ta shigo da duk abin da aka liƙa mata. Masu ƙera ƙwayoyin cutar kwamfuta suka gane haka. Sai saƙo ya zo da sunan abokinka yana cewa duba wannan hoto, kana dannawa cutar ta kama, ta aika kanta ga duk sunayen da ke jerinka. A watan Afrilun 2005 wata irin wannan cuta mai suna Kelvir ta tilasta wa kamfanin Reuters rufe tsarin hirarsa, wanda dubban ma'aikatan bankuna da kasuwannin hannun jari ke amfani da shi. Ga kuma fargabar cewa takardar sirri za ta fice ta taga ɗaya ba tare da ta bar sawu ba.

Makamin da masu kula da rezon ofis, wato hanyar sadarwar kwamfutocinsa, suka ɗauka shi ne tsarin da Microsoft ya shigo da shi tare da Windows 2000, mai suna Group Policy. Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Duk kwamfutocin ofis ana yi musu rajista a ƙarƙashin babbar kwamfuta guda. Jami'in ya rubuta doka sau ɗaya a can, kowace kwamfuta kuma tana zuwa ta karɓi dokokin idan an kunna ta, sannan ta sake leƙowa kusan duk bayan minti 90. Ba sai ya bi tebur-tebur ba. A cikin dokokin akwai wadda aka tanada musamman don hana Windows Messenger tashi. Ma'aikaci ya danna, ba abin da zai buɗe, ko kuma ɗan akwati ya fito ya ce masa mai kula da tsarin ya hana wannan. Aikin mai yin iso ne ya dawo, sai dai zauren yanzu a cikin na'ura yake.

Daga nan aka shiga wasan ɓuya na shekaru. Jami'i ya hana manhaja da sunan fayil ɗinta, ma'aikaci ya kwafo ta a filas ya canja mata suna, ta tashi. Jami'i ya koma hana ta da wata lambar shaida da ake lissafowa daga cikin fayil ɗin kansa, wadda canja suna ba ya taɓa ta. Sai kamfanin ya fitar da sabon zubi, lambar ta canja, doka ta tashi a banza. Aka koma katangar tsaro ta rezo, inda kowace manhaja ke da ƙofar da take fita: ta MSN 1863, ta Yahoo 5050, ta AIM da ICQ 5190. Aka rufe su. Manhajojin suka koyi lallaɓawa ta ƙofa ta 80, wadda duk shafukan intanet ke bi, kuma wanda ya rufe ta ya rufe aikin ofis gaba ɗaya. Skype da ya fito a 2003 ya shahara wajen nemo kowace kafa. Shafuka irin Meebo da eBuddy kuma suka ba mutum damar yin hirar a cikin burauza ba tare da ya saka komai a kwamfuta ba. A ƙarshe dabarar ta juya: maimakon lissafa abin da aka hana, sai a lissafa abin da aka halatta, duk wanda ba ya cikin jeri ba zai tashi ba. AppLocker da ya zo da Windows 7 a 2009 ya sauƙaƙa wannan.

Wasu kamfanoni suka ga toshewa ta gagara, suka koma saurare. Nan ma aka yi karo da wata iyaka. A 2007 wani injiniya a Bukarest ta ƙasar Romaniya, Bogdan Bărbulescu, wanda kamfaninsa ya sa ya buɗe Yahoo Messenger don hulɗa da abokan ciniki, ya ga an ajiye masa shafi 45 na hirarsa, har da wadda ya yi da ɗan'uwansa da kuma budurwar da zai aura. Aka kore shi. Shari'ar ta ɗauki shekara goma. Ranar 5 ga Satumba 2017 babban zauren Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ya yanke, da alƙalai 11 a kan 6, cewa kotunan ƙasarsa ba su kare masa haƙƙin sirrinsa ba. Kotun ba ta haramta wa mai aiki sa ido ba. Ta ce sai ya sanar tun farko, ya faɗi iyakar abin da zai duba, kuma ya nuna dalili. Wannan hukunci ne mai kyau, domin ya raba abu biyu da shugabanni ke son haɗawa: kwamfutar ofis dukiyar mai ofis ce, yana da ikon cewa ga abin da za a yi da ita, amma wannan bai ba shi lasisin karanta zuciyar ma'aikaci a ɓoye ba.

Nawa ne daga cikin wannan rigima ya iso ƙasar Tasawa? Kaɗan ne. Intanet ya shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun kamfanin Sonitel, kuma a shekarun 2000 samarin Yamai da Maraɗi sun san Yahoo Messenger a shagunan intanet, inda ake biyan kuɗin awa. Ofisoshin da ke da rezo mai dokoki irin waɗanda aka bayyana su ne bankuna, da kamfanonin waya, da ƙungiyoyin agaji da suka yawaita a jihar Maraɗi bayan ƙarancin abincin 2005. A irin waɗannan wurare dalilin toshewa ya fi na Turai sauƙin ganewa. Layin tauraron ɗan Adam ne mai tsada kuma siriri. Mutum ɗaya ya buɗe hirar bidiyo, rahoton yara masu tamowa da ake son aikawa kafin la'asar ya maƙale. Wanda ya toshe hira a wannan hali ba zalunci ya yi ba.

Amma ƙananan hukumomin karkara irin Kona, waɗanda suka samu zaɓaɓɓun majalisu a zaɓen 2004, wata hanya dabam tarihi ya bi da su. Salula ta riga kwamfuta zuwa. Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, wasu kamfanoni suka biyo, Orange ya shigo a 2008. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan rezo ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota ya je ya ga farashin gero da idonsa, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Sannan WhatsApp ya fito a 2009, ya ƙara saƙon murya a 2013. Wannan ƙarin ne ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi boko ba: ya danna, ya yi magana, ya saki. Tsohuwar da ta saba da kaset ba ta bukaci a koya mata komai ba.

Saboda haka dokar da aka ɗora wa kwamfutar tebur ba ta da abin da za ta kama. Ma'aikaci na da nasa rezon a aljihu, ya sayi nasa kati da kuɗinsa. Su kansu manhajojin da aka yi ta yaƙi da su sun mutu ɗaya bayan ɗaya: AIM a 2017, Yahoo Messenger a 2018, ICQ a 2024, Skype a 2025. Abin da ya gaje su kuma ya zama kayan aiki. Shugaban asibitin karkara ta WhatsApp yake tura alƙaluman wata, daraktan makaranta ta nan yake samun sanarwar sufeto, gayyatar taro ta nan take zuwa. Shugaban da zai hana shi kansa ne zai fara rasa saƙo.

Da ƙofar ofis ta daina aiki, sai masu iko suka hau sama suka kama babbar ƙofar. A watan Janairun 2015, bayan tarzomar da aka yi a Damagaram da Yamai, an toshe gajerun saƙonni da shafukan sada zumunta na ɗan lokaci a Nijar. A watan Fabrairun 2021, da aka bayyana Mohamed Bazoum a matsayin wanda ya kayar da Mahamane Ousmane a zagaye na biyu, zanga-zanga ta ɓarke, aka yanke intanet ɗin wayar hannu tun daga 24 ga wata har kusan kwana goma. Wanda ke da layin ofis a birni ya ɗan samu sauƙi; manomin Kona da ke jiran saƙon ɗansa daga Aljeriya bai da wani layi sai wanda aka yanke. A watan Satumbar shekarar, can ƙetaren iyaka, hukumar sadarwa ta Nijeriya ta sa aka kashe rezo a jihar Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, aka bi da ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Jibiya, da wasu na Sakkwato da Kaduna. Mazauna bakin iyaka suka koma neman layukan Nijar, kuma rahotanni sun nuna cewa su ma 'yan bindigar haka suka yi. Wanda aka kai wa hari cikin dare kuwa ba shi da hanyar kiran taimako. Mai ofis da ya toshe manhaja a kwamfutarsa kayansa ya taɓa. Gwamnatin da ta kashe rezon jiha guda ta taɓa cinikin mai shago, da kuɗin ɗan ci-rani, da kiran mai naƙuda, kuma da wuya ta fito daga baya ta nuna wa jama'a abin da aka samu da wannan hasara.

Akwai matsala guda da ta rage wa ofis, kuma ita ce ta fi cancantar a damu da ita. Tun watan Afrilun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, mai ofis ba ya ganinsu, ba ya kuma da kwafinsu. A Amurka wannan ya jawo wa bankuna tara mai nauyi. A watan Disambar 2021 bankin JPMorgan ya biya dala miliyan 200 saboda ma'aikatansa, har da manya, suna tattauna harkar aiki ta wayoyinsu ba tare da an ajiye bayanan ba, kuma a watan Satumbar 2022 wasu manyan bankuna suka biya kusan dala biliyan 1.8 a kan laifi iri ɗaya. Ba a ci su tara don sun yi hira ba. An ci su don idan rigima ta taso babu abin da mai bincike zai buɗe ya karanta. Gwamnatoci ma sun ɗauki nasu mataki: Faransa ta ƙera wa ma'aikatanta manhajar Tchap a 2019, a ƙarshen 2023 kuma firaminista Élisabeth Borne ta umarci ministoci su bar WhatsApp da Telegram da Signal su koma Olvid. A watan Yunin 2025 majalisar wakilan Amurka ta hana WhatsApp a na'urorin ma'aikatanta.

Nijar ta yi nata dokokin: ta kare bayanan sirri a 2017, ta laifukan intanet a 2019, da ta sauraren saƙonni don dalilan tsaro a 2020. Muhawarar da aka yi a kansu ta fi karkata ga wanda za a hukunta da wanda ke da ikon saurare. Tambayar ƙaramin ofis dabam take, kuma ba a cika yin ta ba: ina saƙon aiki yake kwana? A ƙasar da rikicin gona da burtali ke kai mutane gaban sarki da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hoton takardar sayen gona da aka tura ta waya, da muryar da aka ce an amince a raba taki kaza ga gari kaza, da jerin sunayen waɗanda za su karɓi tallafi, duk hujjoji ne da wata rana za a nema. Magani ba ya bukatar babbar kwamfuta. Waya guda mallakar ofis da lambar ofis, da rajistar da sakatare zai riƙa shigar da duk umarnin da ya zo ta murya da kwanan watansa, da buga muhimman takardu a saka a fayil, sun isa su rufe mafi yawan ramin.

A watan Afrilun 2024 gwamnatin mulkin soja ta rusa majalisun ƙananan hukumomi a faɗin Nijar, ta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Abin da ake miƙawa a irin wannan sauyi shi ne makullai da hatimi da rajistoci da kuɗin da ke asusu. Shawarwarin da aka yanke ta waya tun zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 2020 suna cikin wayoyin tsofaffin shugabanni da kansiloli, waɗanda da kuɗinsu suka saye su, kuma da su suka koma gida.